Garin da Kowa Ke Cin Ƙundu

Zuwa ga mahaifina, Malam Ummaru na Kurawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi, kabarinka ya yalwata, kana cikin rahamar Wanda ya karɓe ka.

Baba, Lawali ne. Na faɗa da bakina don kai ba ka taɓa kiran sunan ba. Ɗan fari ne ni, “wancan” kake ce mini ko ina durƙushe gabanka. Wata biyar ke nan da rasuwarka, ni kuwa ina nan Daegu, a ƙasar Koriya, inda ka sallame ni na taho karatun noman rani. Ban ga gawarka ba, ban zuba ƙasa ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Karatu ya ƙare. Malamina ya ba ni takardar aiki na shekara biyu, ya ce in sa hannu kafin Juma’a. Baffa Dikko, ƙanenka, ya kira ni sau uku, maganarsa ɗaya ce: ni ne babba, gida ba maigida, in tattara in taho. Inna ba ta ce taho ba, ba ta ce zauna ba. Ka san ta da kunyar ɗan fari, gaisuwa kawai muke yi ta miƙa wa wani wayar. Kafin in gaya maka abin da na yanke, bari in ba ka labarin abin da idona ya gani, don can ne maganar ta warware.

Akwai wani layi a bayan wata tsohuwar kasuwa a garin nan. Abokin karatuna, Junho, shi ya ja ni can wata Asabar bayan la’asar, ya ce ba za ni bar Daegu ban ci kazar Daegu ba. Na yi dariya a raina. Mutumin Gobir za a nuna wa kaza? Mutanen nan dai da son soyayyar kaza, ba unguwar da za ka shiga ba ka ga shagonta ba, kuma duk inda kaza take giya na kusa. Na ɗauka irin waɗannan ne za mu.

Tun daga bakin layin ƙamshi ya tare mu. Mai mai zafi, tafarnuwa, barkono, da wani zaƙi-zaƙi kamar an ƙona zuma. Shaguna dama da hagu, ƙofa na kallon ƙofa, kowanne da hoton zakara a goshinsa. Na leƙa na farko, na ga faranti tsibi guda da wasu ’yan dunƙule-dunƙule. Na leƙa na biyu, haka. Na uku, haka. Na tambayi Junho wace gaɓa ce wannan, ya rasa sunanta da Turanci, sai ya nuna mini hoto a waya.

Ƙundu ne, Baba. Ƙundu! Layi guda, tun daga farkonsa har ƙarshensa, abin da anka zo ci ke nan. La ilaha illallahu! Wallahi tsayawa na yi tsakiyar hanya har mai babur ya yi mini oda.

Ka san abin da ya fi ɗaure mini kai? Masu cin. ’Yammata ’yan makaranta, su huɗu, sun sa faranti gaba suna tsinta da ’yan sandunan cin abincinsu, suna kallon waya, ko kallon abin ba su yi. Matan aure da jakunkunan cefane. Tsofaffi masu hular hawan dutse. Wani an soya shi cikin ƙullun fulawa ya yi rumus, wani an juya shi cikin jan yaji mai danƙo, wani da tafarnuwa zalla. Na fara ƙirga na faranti ɗaya, na kai talatin na bari. Na ce a raina, magidanta talatin ke nan a kwano guda.

Munka shiga shagon wata tsohuwa, gajeruwa, mai murya kamar ta mai shela. Kowa “Imo” yake ce mata, wato ƙanwar uwa. Anka jera wa mutane giya cikin manyan kofunan gilas, kumfa har baki. Kwantar da hankalinka, ɗanka lemo ya sha. Amma na ga abin mamaki a nan ma. Yaro ba ya zuba wa babba sai da hannu biyu. In zai kurɓa gaban wanda ya girme shi, sai ya kau da fuska gefe, ya kare kofin da tafinsa. Na ce ikon Allah, ga ladabi har a gindin giya, amma ƙundu ba shi da mai shi.

Junho ya ce abin da ya ji wajen manya, leburori ne sunka fara cin sa a layin nan, a zamanin da talaka ba ya iya sayen kaza sukutum. Abin da mahauta ke turewa gefe shi ake soya musu su kora da abin shansu. Ka ji fa. Abin da ake kai wa maigida da hannu biyu a Kurawa, nan rabon wanda bai da hali ne. Na daɗe ina juya wannan.

Ran nan ban ci ba, don ban san yankan ba. Dankali na ci, da wani farin abu mai tsami da suke yayyankawa kamar rogo. Imo ta lura. Ta tsaya kaina, hannu a ƙugu, tana zuba faɗa da yarensu, ni ko ina ta sunkuyar da kai ban san laifina ba. Da Junho ya yi mata bayani, sai ta ce in kawo nawa, wanda anka yanka yadda addinina ya ce, za ta wanke kasko ta zuba sabon mai.

A hanyar komawa na tuna gidanmu ranar da anka yanka zakara. Inna na fige shi bakin murhu, mu muna kewaye kamar ba abin da ya dame mu. Kan zakaran da ƙafafunsa namu ne. In ta tsaga ƙundun ta zubar da tsakuwar ta ɓare fatar ciki, sai ta wanke shi daban, ta soya shi daban, ta ɗora shi can saman naman cikin kwanonka, inda za ka fara gani in ka buɗe.

Na tuna shekarar da mage ta ɗauke shi. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, har ta aika maƙwabta ko sun yi yanka. Kai kuma ka buɗe kwano, ka duba, ka rufe, ka ce da murmushi yau ba a yanka kaza a gidan nan ba.

Na tuna kuma ranar da na kasa haƙuri, ina ɗan shekara goma, na tambaye ka ko ya fi sauran naman daɗi. Ba ka dube ni ba. Ka ce wa bango, “Tauri gare shi. Wanda ke cin sa, shi ake fara nema in labari marar daɗi ya zo.” Na ɗauka rowa ce kake yi wa kwalliya.

Ranar Laraba na je shagon wani ɗan Pakistan kusa da masallacinmu, na sayo ƙundun halal, leda guda, daskararre. Na kai wa Imo da rana tsaka, kafin mutane su cika. Ta cika alkawari. Gabana ta wanke kaskon, gabana ta fasa sabon galan ɗin mai. Ta soya, ta tsane, ta barbaɗa gishiri, ta dire mini farantin, ta ja kujera ta zauna tana jira ta ga na ci.

Baba, hannuna ya ƙi zuwa. Shekarata talatin da biyu, ban taɓa sa ƙundu a baki ba. Na zauna ina kallonsa yana hayaƙi. Na ce to Lawali, ga shi nan, ba ɗaya ba, tuli. Kai ne babba. Ci mana.

Na yi bismilla na ɗauki ɗaya. Kai! Tsohuwar nan ta iya suya. Bayansa ƙarau, cikinsa da ɗan tauri mai daɗin tauna, ba ƙarni ko kaɗan. Na ci na biyu, na ci na biyar. Ina ci ina jiran in ji wani abu ya sauka a kafaɗata, ban ji komai ba. Nama ne mai daɗi, a garin da ba wanda zai neme ni in labari marar daɗi ya zo. Nan ne hawaye sunka zubo mini, Imo ta ɗauka yaji ne, ta turo mini ruwa.

Don na san wanda ake nema a gidanmu, kuma ba ni ba ne. Sani ne, ƙanena, mai bi mini. Shi ya goya ka a babur zuwa asibitin Sabon Birni. Shi ya yi maka wanka. Shi ya shuka geron bana a gonar kusa, ya haƙura da ta nesa don ba ta shiguwa. Da mutanen daji, ’yan bindigan nan, sunka aiko da saƙo gari ya watse, shi ya kwashe Inna da matarsa da ’ya’yansa ya kai su Isa wajen dangi, ya komo ya tsare gida, ya sake zuwa ya ɗauko su da ƙura ta lafa. Ni a lokacin ina nan cikin ɗakin gwaji mai sanyi, ina auna ruwan da tumatir ke sha.

Ba za ni yi maka ƙarya ba, ko da rai ban iya ba, balle yanzu. Ina tsoron hanyar nan tamu. Ina kuma son aikin, ina son in ga ƙarshen abin da na faro, in taho da abin da zai amfani fadamarmu. Amma ko ba tsoro, ko ba aiki, in na sauka Kurawa gobe anka ɗora mini kwanonka gabana don kawai na riga Sani zuwa duniya da shekara biyu, ƙwace na yi.

Jiya na sa hannu a takardar. Daga nan na kira Inna, na roƙe ta kada ta miƙa wa kowa wayar. Na yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar na fito da maganar. Na ce in an yi yanka, a riƙa kai wa Sani ƙundun, na yafe, ni za ni yi wa Baffa bayani. Na zaci za ta yi kuka, ko ta ce in sake tunani.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Cewa ta yi tun zakaran Sallah take ba shi. Ta ce ran farko ya ƙi, ya ce na yayansa ne, sai da ta rantse masa sai ya ci. Sun ɓoye mini ne don kada in ji ciwo.

Na ji ciwon, Baba. Na zo da kyautata hannu biyu, na tarar abin ba nawa ba ne tun tuni. Na kuma ji wani sanyi da rabona da shi tun ranar da anka gaya mini ka cika. Gidanka bai kwana ko ɗaya babu maigida ba. Ni kaɗai ne ban sani ba.

In ka yi fushi da zamana, ka yafe mini. In kuwa dama ka san haka za ta kasance tun ranar da ka raka ni tasha kai da Sani, to ka riga ni gani, kamar kullum.

Allah shi gafarta maka, shi haskaka makwancinka, shi haɗa ka da iyayenka cikin Aljanna. Allah shi ja kwanan Inna. Allah shi tsare Sani a gona da kan hanya, shi ƙarfafa bayansa, shi kawo wa ƙasarmu zaman lafiya. Ni kuma Allah shi maishe ni gida da rai, in gaishe da ƙanena yadda ake gaishe da maigida.

Ɗanka na fari,
Lawali,
daga Daegu.