Shekara Biyun da Kika Ƙara Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahama a inda kike kwance, ina sanar da ke gida kowa lafiya. Ƙanenki Kawu Sale yana nan da ciwon gwiwarsa. Damina ta yi albarka, hatsi har ya fara fid da kai. Ni ce dai na kasa zama. Tun hantsi nake kewaya tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, na share inda na riga na share, shi ne na ce bari in rubuto miki ko na tsaya wuri ɗaya.

Inna, har yanzu ban samu aiki ba. Shekara huɗu ke nan da na dawo daga Damagaram da takardar gama jami'a ta fannin noma, wadda kika ɗauka kina nuna wa maƙwabta gida-gida kamar jaririn suna. Shekara uku ke nan da kika rasu. Dosiye kuwa, wato takardun neman aiki, na ajiye har na daina ƙirgawa. Na yi sitaj sau biyu, aikin koyo wanda ake sallamar mutum da "Allah ya yi albarka". Masu gadin biro-biro, ofisoshin nan na Matameye, duk sun san takuna, akwai wanda Madam Dosiye yake ce mini. In na je biki sai mata su karkace kai su ce, "Balki, har yanzu ana nan ana jira?" Eh, ana nan. Ko a gadon bayansu nake jiran?

Sai ga shi farkon watan nan wata ƙungiya ta zo neman matasa masu ilimin noma, su riƙa zagaya ƙauyuka daga Dawce har Yauri suna aiki da mata masu lambu. Wallahi Inna, kamar ni aka gwada aka ɗinka aikin. Nan da nan na kai takarduna. Sakatariyar ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ta turo mini abina. Ba sa ɗaukar wanda ya wuce shekara talatin. Ni kuwa a takarda talatin da ɗaya gare ni.

Kin sani, na sani, ashirin da tara nake.

Ina tuna ranar da kika kai ni lakwal, makarantar boko. Malamin, wanda ake kira Mushe, ya jera mu a gindin bishiya, kowane yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga. Nawa bai kai ba, ko kusa. Kika ce ƙaramin jiki ne irin na dangin ubana, shekarata bakwai cif, alhali biyar nake. Mushe ya yi dariya, ke ba ki yi ba. Kika rantse. Da yake a gida aka haife ni ba ni da takardar haihuwa, sai aka yi mini ita daga baya a kan maganarki, duk sauran takarduna kuma suka bi sawunta.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar da aka maido mini dosiyen nan na yi fushi da ke. Na tako daga biro har gida cikin rana ina faɗa da ke a zuci. Gaggawar me kike yi? Lakwal guduwa za ta yi? Da kin bar ni na cika bakwai ɗina kamar 'ya'yan kowa, da yau ba a kore ni kamar tsohuwa ba. Fushi da mamaci, astagfirullah. Amma na yi, har kwana biyu.

Kawu ne ya ce ana gyarawa a wurin alƙali, in an samu mutum biyu da suka san haihuwata. Shi ɗaya. Ta biyu Iya Dije, ungozomar da ta yanke mini cibi, wadda yanzu take Yauri wurin ɗanta. Na hau mota na je. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, ido ya tafi amma kai garau. Ta ƙirga mini damina ɗaya bayan ɗaya a yatsunta, tun daga wadda rumbunta ya faɗi, ta tsaya daidai ashirin da tara.

Daga nan ta faɗa mini abin da ba ki taɓa faɗa mini ba. Wai a shekarar da kika sa ni lakwal kin yi wata huɗu a kwance, ƙafafunki a kumbure, Baba kuma ya riga ya rasu. Kika ce mata, "Dije, ba na jin zan ga baɗi. In na tafi yarinyar nan tana gida, a gida za ta tabbata." Ashe da sanda kika kai ni lakwal ɗin nan. Ni ban tuna sandar ba sam. Kuma Allah da ikonsa ya tashe ki, ya ƙara miki shekara ashirin da ɗaya, ba ki taɓa ɗaga zancen ba ko sau ɗaya.

A motar dawowa na rufe fuska da mayafi na yi ta kuka. Wata mata ta zaci rasuwa aka yi mini, ta yi mini ta'aziyya. Na amsa mata.

Jiya muka je gaban alƙali, ni da Kawu da Iya Dije a hannuna. Ya saurari shaidu, sannan ya tambayi wanda ya ba da waccan shekarar tun farko. Na dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa. Na ce mahaifiyata ce. Ya ce in faɗi sunanki cikakke, na faɗa, karo na farko da bakina ya kira shi a gaban mutane. Sai ya ce, wato ƙarya ta yi ke nan? Na ce masa eh, ranka ya daɗe, ƙarya ta yi, kuma ba don ƙaryar ba da ban iya karanta takardar da ke gabanka ba. Ya dube ni, sannan ya sunkuya ya rubuta.

Ya ce in koma Litinin. In ya sa hannu, sai in ɗauka in ruga Damagaram a gyara sauran takardun, ƙungiyar kuma nan da kwana goma sha ɗaya za ta rufe karɓa. Kawu ya ce ba zai yiwu ba, aikin biro ba ya son gaggawa. Na ce masa ai gaggawar nan gadonta na yi. Ko an karɓa ma, masu nema sun fi a ƙirga. Wataƙila in samu, wataƙila in koma layi.

Amma ba wannan ne ya hana ni zama ba. Duk unguwar nan babu mai cewa ya taɓa kama ki da ƙarya. Yau sunanki yana cikin littafin alƙali tare da kalmar nan, kuma ni na kai shi, don in samu abin yi. Na san da kina nan cewa za ki yi in je in faɗa, me ake jira. Duk da haka ki yafe mini, Innata. Ki yafe mini fushin, ki yafe mini jiya.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya shafe miki rantsuwar nan da kika yi a gindin bishiya. In kuwa lalle sai an tambayi wani a kanta, ya Allah a tambaye ni, ni na ci amfaninta.

'Yarki,
Balki
Matameye