Ƙafar Saniya Ta Kai Mounira Gasar Ruwa

Assalamu alaikum Yaya Meimuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara a can Agadas. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan Zongo sai godiya. Inna ma ta warware, har ta koma yi wa kowa faɗa.

To Yaya, zancen 'yarki Mounira ne. Kin san wasan nan da suke yi a pisin, wurin ninkaya, ita da ƙawarta Akossiwa, rawa cikin ruwa su biyu, hannu tare ƙafa tare kamar tagwaye. To an zaɓe su zuwa gasar ƙasashe a waje. Muna cikin murna sai ga magana. Ashe wani gari suke damawa su shafe gashi, wai jelatin, ya ƙame don kada ruwa ya warware shi ya rufe musu ido. Babanta ya tambaya da me ake yi, aka ce wani ƙashin saniya ne, wani na alade, kuma kwalin bai faɗa ba. Kin san maigidan nawa, Malam Inoussa. Ya ce riga mai rufe jiki ya gani ya yarda, tafiya ya yarda, amma alade ba zai hau kan 'yarsa ba, sai dai ta zauna. Yarinya ta daina cin abinci. Akossiwa ma kuka, don in ɗaya ba ta je ba, ɗayar ma ta zauna ke nan.

Ni kuwa na ce, wannan ba shi ne abin da romon ƙafar saniya ke yi ba in ya kwana a firigo? Na hau zemijan, babur ɗin haya, sai kasuwar Hédzranawoé wurin mahaucinmu, na sayo ƙafar saniya. Dahuwar farko ta yi ruwa. Ta biyu, wallahi hannu ya saba, na zuba citta da daddawa ban sani ba. Mounira ta je pisin tana ƙanshin miya, har mai koya musu ya tambaya wa ya shigo da abinci! Daga baya na gane kansa, na kwashe kitsen, na tace, na shanya a faranti, na daka. Mai nema yana tare da samu. Malam ya ga komai da idonsa, ya sa albarka. Amma ni hankalina bai kwanta ba, don in abin ya narke a ruwan can, ni na kayar da su.

Ranar gasar matan gidanmu duka muka taru kan wayar maƙwabciyarmu Soumaya. Kowa na kallon ƙafafu a sama, ni kai nake jira. Suka nutse, suka daɗe har na fara salati. Sai ga su sun ɓullo tare, kai na sheƙi, ko sili ɗaya bai tashi ba! Na yi guɗa har zanina ya kwance. Ba su ci lambar yabo ba, amma sun shiga zagayen ƙarshe, aka kira sunansu duniya na ji.

Malam da ya ce shi ba ya kallon irin wannan, jiya ya shigo da leda cike da ƙafar saniya. Wai ya ji akwai wata gasar, kada in bari sai ta matso.

Ki gaishe min da Baba Sabiru, da Zeinab da jaririnta. Inna na gaishe ki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Assana