Umarnin da Ya Rage a Modem ɗin Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya yara? Direba na ba wa wannan, tunda ka daina ɗaga wayata.

Jikin Inna ya yi tsanani, ko ruwa sai da cokali. Ba ta da magana sai ta Auta, tana so ta gan ta a bidiyo da jaririnta, tunda tana can ƙetare. Ka san waya ba ta kamawa a ɗakin nan, sai modem ɗin intanet da ka haɗa da eriyar kan rufi. Tsohon layin ya mutu, na sayi sabo na saka, kwamfutar kuma sai ERROR take rubuto mini. Kai ka saita abin, don Allah ka zo.

Ƙanwarka

Wa alaikumus salam,

Ikon Allah! Yau “mai tarkace” ya yi rana? Ke ce fa kika kwashe wayoyina da kayan gyarana daga ɗakin baya kika zubar a bola, wai za a yi wa Auta ɗaki, Inna na zaune ba ta hana ki ba.

Ba zan zo ba, shago ba ya tsare kansa. Ki buɗe tagar umarni a kwamfutar ki rubuta AT. In ya ce OK, ki rubuta ATZ. Ki rubuto mini abin da ya ce. A gaida mai jiki.

Yayanki

Yaya, barka da war haka.

Ya ce OK, duka biyun. Amma da na danna a haɗa, sai ya yi shiru ya yanke. Haba Yaya, direban nan sai ranar da ya yi lodi yake tafiya! Ka rubuto sauran gaba ɗaya mana. Na yi kuskure a kan kayanka, ka yafe mini. Inna ta fara manta sunayenmu.

Ƙanwarka

Ƙanwata, sannu da jinya.

Na san matsalar tun wasiƙarki ta farko. Sunan tsohon kamfanin layi ne ya maƙale a akwatin ƙarin umarni, modem ɗin yana ta ƙwanƙwasa ƙofar da aka toshe. Jimla ɗaya ce za a canza, zan turo ta in na samu sarari.

Mene ne abin gaggawa? Ni da tsakanina da gida tafiyar mota ɗaya ce kawai, Inna ba ta taɓa cewa tana son ganin fuskata ba. ’Yar lelenta da ke ƙetare ma ta ɗanɗana jira. In ta manta sunana, dama can ba ta cika kiransa ba. Ki huta lafiya.

Yayanki

Yaya, salam.

Jimlarka ta iso jiya. Na goge tsohon sunan, na sa sabon, fitilar modem ɗin ta yi shuɗi nan take. Aikinka yana kyau, wallahi.

Inna ta rasu tun ranar Talata da hantsi. Da muka haɗa bidiyon, gadon Inna kawai Auta ta gani, da zaninta a ninke.

Kwanakin ƙarshe ba Auta take kira ba, kai take kira, tana tambaya me ya hana ka zuwa. Ka san ba na yi mata ƙarya. Na ɗauko wasiƙarka ta biyu na karanta mata, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Ta ce in maimaita, na maimaita.

Modem ɗinka yana hannun direba.

Ƙanwarka