Larabar da Duniya Za Ta Yi Mana Addu'a

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba?

Ni lafiya lau, sai dai shirun ɗakin nan. A ofishinmu mai haɗa majami'un Angilika na duniya, ni ke tsara jerin addu'a: kowace rana da yankin da kowa zai yi wa. Larabar farko ta watan gobe tamu ce. Da na rubuta sunan yankinmu, sai da na fita na wanke fuska. Na ce wa abokan aikina mura ce.

Don Allah ranar ki je coci da safe, ki zauna a bencinki na gefen taga. Dubban mutane za su ambaci wurin da ba su taɓa gani ba. Ni kuwa idan na rufe ido, ina so in same ki a wurin.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki ta fari