Firij ba ya son gangara

Alhamis, 11 ga Yuli

Mun baro Yuma da asuba, ni da mijina Merle da wannan tsohuwar motar tamu mai ɗaki da kicin. Idaho muka nufa, wajen 'yarmu Janelle. Ta yi ta mita a waya: "Mama, Yuli ne fa, ku hau jirgi mana, Baba ba shi da lafiya." Na ce mata shekara ashirin muna keta hamadar nan, ba yau za ta cinye mu ba. Allurar sugansa ta wata biyu na jera a ƙofar firij da hannuna.

Juma'a, 12 ga Yuli

Zafi! Mariƙin ƙofa sai da tsumma. Wajen ƙarfe uku muka samu bishiyoyi uku a gefen wata hanyar ƙasa a Nevada, su ne kaɗai inuwa tun safe, sai dai wurin a karkace yake. Merle ya ce mu ƙara gaba mu nemi shimfiɗaɗɗen wuri, wai firij mai aiki da gas ba ya son gangara. Na ce firij ba mutum ba ne, mu ne mutane, kuma ni na gama dahuwa. Ya ce, "To, shugaba." Nan muka kwana.

Asabar, 13 ga Yuli



Da safe na zuba madara a kofi, ta tsinke. Na buɗe firij, man shanu ya zama ruwa. Na taɓa kwalin allurar, da ɗumi. Babu sabis a waya, gari mafi kusa mil tamanin. Idan maganin nan ya lalace, Merle ba shi da komai, kuma ni na jawo.

Na tsaya ina jiran ya ce ai na gaya miki. Da ya faɗa ma da na samu abin faɗa da shi. Sai cewa ya yi, "Tsohuwa, miƙo mini safata, mai tsabtar idan akwai." Ya zuba kwalaben maganin a ciki, ya jiƙa ta sharkaf, ya rataya a gaban 'yar fankar da ke saman gilashi. Wai busasshiyar iska ita ce firij ɗin matalauta. Yana tuƙi, ni kuma duk bayan minti goma in yayyafa wa safa ruwa. Mil tamanin ina shayar da safar ƙato. Ko kurɓa ɗaya ban yi ba sai da ya daka mini tsawa.

Mun iso garin, kantin magani ɗaya ne, a kulle har Litinin. Na sayo ƙanƙara a gidan mai, zan binne kwalaben a ciki Merle ya riƙe hannuna. Ashe idan ya daskare ma ya mutu. Ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya yana wannan allurar, ban sani ba. A tawul ya naɗe su ya ɗora a saman ƙanƙarar.

Na ce to yaya za mu gane ko maganin na da rai? Ya ce, "Jikina zai ba mu labari."

Lahadi, 14 ga Yuli, da safe

Ya gwada jininsa: suga ya hau har 238. Na shige banɗaki na yi kukana, a wurin da ko juyawa ba a iya yi. Ya ƙwanƙwasa ya ce idan na gama akwai layi.

Lahadi, da yamma

151! Na sa shi ya sake gwadawa a ɗaya yatsan, 149. Ya ce idan na ci gaba a haka jinin ne zai ƙare kafin maganin. Wai na safen nan tsoro ne da rashin barci, da kuma biskit biyu da ya ci a ɓoye. Biskit! Na ɗauki filo na maka masa, sannan na zauna a ƙasa ina ta dariya kamar wata zararriya. Na gode wa Allah. Rabona da jin sanyi a raina irin na yau har na manta.

Litinin, 15 ga Yuli

Mun riga mai kantin maganin zuwa ƙofarta. Wata dattijuwa ce, Ofelia. Ta yi waya da likitansa, ta ba mu sabo. Da ta ji labarin safa sai ta kalle ni ta ce, "'Yar'uwa, wannan mijin naki riƙe shi da kyau, nawa da kuka zai zauna yi." Merle sai wani gyara hula yake.

Makaniki ya duba firij, ya ce ya tafi ke nan. Ya tambayi wa ya ajiye mota a karkace. Merle ya ce, "Mu." Mun sayi akwatin sanyi mai jona wuta.

Janelle ta kira. Na ce komai lafiya. Zan gaya mata, amma ba ta waya ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Mun hau tudu, iska ta canza, har da bargo yau da safe. Sugansa 126.

Ni dai ba na son ganin allura, kowa ya sani. Duk lokacin da ya ɗauko 'yar jakarsa sai in tuna da wani aiki a waje. Yau ya ɗauko, ban tashi ba. Ba wani dalili, ƙafata ce ke ciwo. Ya ɗaga riga, cikinsa duk ɗigo-ɗigon tabo, wasu tsofaffi wasu sababbi. Ban taɓa tsayawa na lura ba.

Ya ce, "Me kike kallo?"

Na ce, "Rigarka ce ta yi datti. Layi nawa kake ja a sirinjin?"

Sannan ya matso, ya nuna mini.