Muryoyi goma sha tara a adireshi ɗaya

Madawa, 3 ga Maris 1998

Aikin farko na yau: duba ruwan batirin rediyo.

Zuwa ga matata Lahadi. Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina lafiyarki, ina karatun jinya, ina zafin Yamai? Mu nan lafiya lau.

Kin san zauren nan na cikin ordinatar biro, wato kwamfutar ofishinmu, inda masanan gona na ƙasashe suke hira kan farfaɗo da fako. Saƙonninsu suna shigo mana ta rediyo sau ɗaya a yini. Har yau in na ga maganar mutumin Dakar ta sauko Madawa babu mota babu ɗan aike, sai in yabi Allah.

To, ana gardama. Wasu suna so a tashi zuwa sabon tsari, mai ajiye kowace hira a wurinta, har da hotuna. Amma sai da layin talho, kowa kuma da sunansa. Mu ba mu da layi. In an tashi, an rufe mu waje. Za a jefa ƙuri'a ran ashirin, kuma ƙuri'armu ɗaya ce.

Mijinki,
Ishaya

11 ga Maris

Lahadi, ina gajiya? Ina fata tarin ya sake ki.

Na gano kuskurena, kuma kunya ta hana ni cin tuwo. Shekara biyu ina kai wa manoma saƙonnin zauren a ranakun kasuwa, su faɗi amsa, in rubuta kamar yadda marubucin wasiƙa yake yi a bakin gidan waya: abin da mutum ya ce, haka nan, da “ni” ɗinsa, sai dai in juya shi Faransanci. Ban taɓa sa sunan kowa ba. Jiya mai kula da zauren, wani malami a Wagadugu, ya roƙe ni kada in ƙi tashi, wai ba su da gwani kamata. Ashe sun ɗauka ni ne na haƙa ramukan shuka a Deule, ni ne mai gonar wake a Sabon Gida, ni na ga yunwa uku, ni kuma na haifi takwas. Ni da ko kubewar bayan ɗaki ta gagare ni.

Na rubuta gaskiya sau huɗu ina gogewa. Na biyar na tura: mu goma sha tara ne, ni hannu ne kawai.

Ki yi mini addu'a.
Ishaya

22 ga Maris

Lahadi, gaisuwa da kewa. Ina lafiya, ina jarrabawa?

Ba su zage ni ba. Malamin ya ce kowane manomi yana da ƙuri'arsa, in je in tambayo. Na yi kwana uku bisa babur. A Deule tsoho Isaka, mai ramukan shuka, ya sa na maimaita masa sau biyu cewa an san ramukansa a Dakar. Ya daɗe yana kallon gonar, sannan ya ce, “Malam Ishaya, ka ce musu su jira mu.” Kaltume ta Buza, uwar takwas ɗin, ta yi mini tsiya, wai tun da na ci sunanta shekara biyu sai in biya ta da goro.

An ƙirga. Ba a tashi ba, da ratar shida. Za a zauna har layi ya iso mu. Ban sani ba ko na kyauta, da na tsayar da masana ɗari saboda mu. Amma yau saƙo ya shigo daga wata mata a Bamako, bisa kansa an rubuta sunan Kaltume, ba nawa ba. Na buga shi a takarda na ninke, ban karanta ba.

Naki har kullum,
Ishaya

Na gobe:
- sayen goro
- faci a tayar baya
- tambayar Isaka sunan mahaifinsa, don a rubuta daidai
- Buza: in miƙa wa Kaltume takardarta, in jira sai ta ce in buɗe