Zaren Ƙasa Ya Ƙare

Litinin, 3 ga Maris

Bara wanzami ya gaya mini wai ana cewa ɗinkina ya fara karkacewa. Na ce wa ya ce? Ya ce mutane. Mutane dai ba su da adireshi. Shekara arba'in da ɗaya ina taka keke, ba a taɓa dawo mini da riga ba, sai na bar zancen a kujerarsa tare da gashina.

Abin da ya tuno mini: yau Hedimasta ya zo shago. Tun da ya yi ritaya ya shiga ƙungiyar masu ƙera 'yan rokoki na wasa suna harbawa sama. Tsoho da furfura yana manna kwali. Ya kawo tasa in gani: bututu ne tsawon hannuna, ja, da fikafikai uku. Wata takwas yana yin ta, kuma ya ce ita ce ta ƙarshe, hannunsa ya fara rawa. Wai in ta kai ƙololuwa kanta zai ɓalle, laima ta fito ta sauko da ita a hankali. Laimar yake so in ɗinka, da igiya takwas.

"Sarkin Allura, in laimarka ta ƙi, tarkace zan kwasa."

Na ce a tatsuniyoyin kakata duk wanda ya hau sama da fikafikan aro da ka yake dawowa. Ya yi dariya. Ni dai ban yi ba sosai.

Alhamis, 6 ga Maris

Yadin santsi gare shi kamar tarwaɗa. Fari a kan fari. Sau bakwai na nemi kafar allura. Hasken shagon nan ne ya lalace.

Asabar, 8 ga Maris

Na gama laimar. Na kawo ta gida na ajiye a kan tebur, inda nake ajiye kowane ɗinki kafin mai shi ya zo. Tsohuwa, matata, ta ɗaga ta ce, "Wannan kuma ɗankwalin wace ce?" Na ce ta cire hannunta, aikin sama ne. Ta ce to, Allah ya ba masu sama haƙuri.

Talata, 11 ga Maris

Jiya Hedimasta ya karɓa. A gabana ya barbaɗa mata hoda, ya naɗe, ya cusa a cikin bututun ya rufe. Ya ce ba mai sake buɗewa sai iska.

Yau da safe na zauna zan kalmashe wani wando. Na taka, na taka, na ɗaga, sai yadi ya rabu a hannuna. Zaren ƙasa ya ƙare. Fayau. Kuma tun ranar Asabar ban taɓa keken ba.

Wanda ba tela ba ba zai gane ba. In zaren ƙasa ya ƙare keke ba ya faɗa. Yana ta ƙara, allura na ta huda, na sama yana kwance kamar an yi aiki, alhali ba abin da ya riƙe. Igiyoyin su na ɗinka a ƙarshe. A ta nawa ya ƙare? Ta takwas? Ta uku?

Da can da ido nake kamawa tun huda ta biyu.

Laraba, 12 ga Maris

Na je gidan Hedimasta in faɗa masa. Na tarar da mutum uku na ƙungiyarsu yana ce musu, "Ga shi nan, wanda idonsa ya fi tef ɗin awo." Na sha ruwa. Na tambayi lafiyar gwiwarsa. Na dawo.

Juma'a, 14 ga Maris

Gobe ne za a harba. Abinci ya ƙi shiga. Tsohuwa ta ce ko zazzaɓi ne, na ce iska nake tunani.

Asabar, 15 ga Maris

Fili ne babba bayan tsohuwar masana'anta. Sun kafa rokar a jikin sandar ƙarfe, suka ja waya nesa, kowa ya koma baya. Hedimasta ya ƙirga daga biyar zuwa ɗaya, yatsansa a kan maɓalli. Na buɗe baki a kan uku in tsayar da shi. Ya riga ya kai ɗaya.

Fuuu, ta tafi. Hayaƙin kawai na gani, daga nan sama ta zama madara. Kowa na nuni, ni ina kallon inda suke nunawa. Da kunne na bi ta: shiru, shiru, sai wata mata ta ce, "Ta buɗe."

Ta sauka cikin ciyawa can gefen rafi. Tsofaffi biyu muna ɗingishi, muka fi rabin awa muna nema, shi ya hango jan. Ko ƙwarzane babu. Ya zauna a ƙasa yana share ido, wai hayaƙi ne.

Na ɗauki laimar na kawo ta dab da hancina. Igiya uku ɗinkin keke ne, nawa. Biyar ɗinkin hannu ne, ƙanana, a jere kamar haƙoran mataji. Da shuɗin zare. Ba ni da shuɗin zare a shago.

Litinin, 17 ga Maris

Na ajiye wa Tsohuwa guntun shuɗin zaren kusa da kofinta. Ta dube shi ta ci gaba da juya shayi.

"Farin ne ya ƙare mini. Na ce ai ba za ka gani ba."

Na ce tun yaushe? Ta ce shekara biyu ke nan, duk abin da ya kwana a teburin nan sai ta bi shi da yatsa kafin in dawo daga masallaci. "Baban yara, ɗinkinka ya fara karkacewa. Yankanka dai har yanzu babu kamarsa."

Laraba za ni asibitin ido. Raka Tsohuwa kawai zan yi, ita ce ke son a duba nata.

Zancen nan na fara jin sa a bakin wanzami, na ce ƙarya ne. Wadda ta gaya mini a ƙarshe uwar 'ya'yana ce, kuma ita ba ta ce "mutane" ba.